Mutum Huɗu da Suka Ɓata Layi

Sunan da aka san ta da shi a asibitin, tun daga mai gadin ƙofa har shugaban sashe, shi ne Sai-na-gani. Masu sauri su ce Saina. Mahaifinta ne ya laƙaba mata shi tana 'yar shekara bakwai. Mai gyaran agogo ne, da ɗan shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, wanda mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya karkace. In ya gama gyara ya ce wa mai agogo, "Yanzu kam ya zauna daidai," sai a ji wata ƙaramar murya daga kan benci ta ce, "Sai na gani." Ta karɓi agogon ta jera shi da babban na bango, ta zuba musu ido. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Uban bai taɓa hana ta ba, don sau biyu tana kama shi.

Ta shiga jami'a ta yi shekara biyu tana karanta lissafi. A ta uku idon uban ya dushe, hannunsa ya fara rawa, ga ƙanne uku a makaranta. Ta ajiye karatun ba tare da ta kai wa kowa kuka ba, ta sami aiki a teburin karɓar marasa lafiya na sashen ɗaukar hoto a wani babban asibitin koyarwa. Shekara goma sha huɗu tana rubuta sunaye, tana miƙa kati, tana cewa a zauna a jira. A teburin nan ta haɗu da mijinta, makaniken manyan motoci, wanda ya zo hoton kafaɗa. Ya faɗa mata shekarunsa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya kawo takarda. Ashe uku ya rage. Har yau in ya ba da labarin sai ya ce ranar ya san ya gamu da gamonsa.

Shekarar da aka kawo babbar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wata likita mai bincike ta manta takardunta a kan teburin. Da ta dawo ɗauka, sai ta tarar an ja layi da fensir a ƙarƙashin wata lamba.

"Wa ya taɓa min takarda?"

"Ni ce, Likita. Matsakaicin layin nan ba zai fi mafi girmar lambar da ke cikinsa ba. Wani wuri an tara sau biyu."

Likitar ta tsaya ta sake lissafi a tsaye. Bayan mako guda ta nemi a ba ta aron matar teburin na wata uku. Likitar ta daɗe da barin asibitin, amma aron ya kai shekara goma sha ɗaya.

Ɗakin da aka ba ta a ƙasan ginin yake, babu taga. Kwamfuta biyu, kujera mai ƙafa ɗaya gajera da ta tokare da tsohon littafi, da bango guda wanda a bayansa injin sanyaya na'urar ke dukan dib-dib daga safe har tashi. A nan ta koyi aikin, da tambaya da gardama da ɓata sa'o'i.

Aikin kuwa ga shi. Mutum zai kwanta a cikin na'urar, kansa a tallabe, abin saurare a kunnuwansa. Na'urar tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa duk bayan daƙiƙa biyu. Wurin da ya yi aiki a ƙwaƙwalwa, jini yakan ƙaru can, hoton wurin ya ɗan ƙara haske. Saina za ta zagaye wani ɗan wuri a saman kunne, ta ciro hasken wurin hoto bayan hoto, ya zama dogon layi mai hawa da sauka. Layin nan ɗanyensa hayaniya ce kawai: bugun zuciya na ciki, numfashi na ciki, har haɗiyar yawu. Sai ta yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙa ashirin daga lokacin da kalma ta shiga kunne. In an ji kalma arba'in, gunduwa arba'in ke nan. Ta jera su ta fitar da matsakaicinsu. Hayaniyar ta cinye junanta, abin da ya rage ɗan tudu ne: ya tashi, ya kai ƙololuwa wajen daƙiƙa biyar ko shida, ya sauko. Tudun mutum ɗaya ke nan. Daga nan ta tattara tudun kowa da kowa ta sake fitar da matsakaici, layi ɗaya ya tsaya a madadin mutum ashirin ko talatin. Wannan layin ne manya suke haskawa a bango a wurin taro.

Tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta abin da ya faru a kowane zama. Wanda ya yi tari, wanda ya yi gyangyaɗi, ranar da wuta ta ɗauke. Dogo, wanda ke sarrafa na'urar, yakan ce in aka ga ƙuda ya shiga ɗakin, a duba littafin Saina za a ga ƙarfe nawa ya shiga.

Tana da shekara arba'in da bakwai Farfesa ya kawo babban bincikensa. Shi ne shugaban sashen, kuma ba mugun mutum ba ne. Shekara tara ya yi yana tsara wani atisayen saurare don tsofaffin da jinsu ya fara rauni, ya kuma yarda da abinsa har zuci. Aka samu tsofaffi ashirin da shida suka sa kai. An ɗauki hotonsu kafin atisayen, suka yi mako goma sha biyu suna yi, aka sake ɗauka. Abin da ake fata shi ne tudun baya ya ɗara na farko tsayi.

A kwamfuta lambobi ne, amma Saina ta san su da fuska, don ita take karɓar makullansu da 'yan kunnensu kafin su shiga, saboda ba a shiga na'urar da ƙarfe. Lamba tara tsohon kwandasta ne mai surutu. Lamba goma sha bakwai tela ce, tsohuwa mai kaifin harshe, wadda ta duba ɗinkin rigar Saina a ranar farko ta ce, "'Yar nan, wanda ya ɗinka miki wannan ba ya ƙaunarki." Amma da ta kwanta a na'urar, ko gezau. Dogo har sai da ya leƙa ya ga ko tana numfashi.

Ranar da aka gama ɗaukar na ƙarshe, ta haɗa layukan. Ta zauna tana kallon allo. Layi biyu, na farko da na baya, suna tafiya kusan a manne, ɗan tsakaninsu bai kai a kira shi komai ba. Ta sake yi daga tushe. Haka ya fito. Ta buga ta hau da shi sama.

Farfesa ya daɗe yana kallon takardar. Mataimakinsa, wani dakta mai shiru-shiru, yana tsaye a bayansa.

"Nuna min na kowa daban-daban," in ji Farfesa.

Ta baza takardu ashirin da shida a kan teburinsa. Ya bi su da yatsa, ya ware huɗu gefe: tara, goma sha bakwai, ashirin da ɗaya, ashirin da huɗu. A huɗun nan tudun baya ya yi latti, ya kuma yi ƙasa, kamar wanda ya tashi da ƙyar.

"Cire waɗannan ki sake haɗawa."

"Na riga na gwada, ranka ya daɗe, don in gani. In babu su, layukan sun rabu sosai."

Fuskarsa ta saki. "To madalla. Shi za ki kawo min."

"Me za a ce ya sa aka cire su?"

"Bayanansu ba su da kyau."

"Me ya same su?"

"Kin gani da idonki. Ba su yi kama da na sauran ba."

"Ranka ya daɗe, kafin a fara kai ka sa hannu a takarda. Aka ce wanda kansa ya motsa fiye da milimita uku, ko ya yi barci, shi za a cire. Huɗun nan ba wanda ya kai ɗaya da rabi. Tsohuwar telar nan ta fi kowa kwanciya."

Mataimakin ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Farfesa ya cire gilashinsa ya ajiye a hankali.

"Saina, shekara nawa kika yi a jami'a?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Ni talatin da biyar nake cikin aikin nan. In na ce bayani ba shi da kyau, ba shi da kyau."

"Gaskiya ne ka fi ni sani nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake roƙo ka faɗa min laifinsu in rubuta. In laifin shi ne sun ɓata layi, wannan kam hannuna ba zai rubuta ba."

"Ba shawara nake nema ba."

"Na sani. Ni ma ba shawara nake bayarwa ba. Ba zan yi ba ne kawai."

Ta tattara takardunta, ta haɗa har da huɗun da ya ware, ta fita. Ta bi matakala ta sauka ɗakinta.

Washegari da ta zo, kwamfutar ta ƙi karɓar kalmar sirrinta. A kan kujera akwai takarda mai layi uku: saboda ƙarancin ma'aikata, an mayar da ita teburin karɓar marasa lafiya har sai an sake sanarwa. Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ki hau ki ba shi haƙuri mana. Kin san shi, in aka kwantar da kai yana saukowa."

"Haƙurin me zan ba shi? Na taka shi ne?"

"Ke dai wallahi."

Ta ɗauki kofin shayinta da littafinta mai baƙin bango. Ta cire tsohon littafin da ya tokare ƙafar kujerar, don shi ma nata ne, ta bar kujerar a karkace.

Da yamma a gida, mijinta yana wanke baƙin mai daga hannunsa a bakin famfo ta ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Malama, bari in tambaye ki tambayar jahilai. Mutum huɗu cikin ashirin da shida. In an cire su, wa zai mutu?"

"Babu wanda zai mutu, baban yara."

"To fa?"

"In aka kawo maka motoci ashirin da shida ka saka musu sabon birki, huɗu suka ƙi tsayawa, sai ka ɓoye su a bayan gareji ka ce birkinka ya yi?"

Ya goge hannunsa da tsumma. "A'a. Amma ni ba Farfesa a kaina. Ni ne Farfesan garejina."

"Tsohuwar nan motar haya biyu take hawa ta zo. Ta kwanta minti arba'in a cikin ƙarar nan da ciwon bayanta. In za a jefar da nata, a gaya mata dalili."

"Kuma in suka bar ki a teburin nan har ki yi ritaya?"

"Shekara goma sha huɗu na yi a kai. Bai cije ni ba."

Ya dube ta ya girgiza kai yana murmushi. "Ni dai tun ranar kafaɗar nan na sallama."

Teburin yana nan yadda ta bar shi, sai dai an canza masa fenti. Ta zo da sassafe ta share shi, ta gyara katunan da aka cakuɗa, ta zauna da ƙafa ɗaya kan ɗaya. Masu gulma suka riƙa wucewa da gangan. Wata nas ta tsaya ta ce, "Ayya, Saina, an dawo gida ke nan?" Ta ce, "An dawo. Kin zo hoto ne ko kallo? In kallo ne, ki ɗauki kati ki bi layi." Ba wanda ya ga hawayenta. Amma abincin rana ya daina shiga, kuma duk lokacin da ta ji dukan injin nan yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafarta sai ta ajiye biro ta saurara.

A mako na biyu, da rana mutane sun ragu, ta buɗe littafinta. Ba hujja take nema a kan Farfesa ba. Abin da ke cin ta shi ne dalilin da huɗun suka yi latti. Ta karanta na lamba tara, ba komai. Goma sha bakwai, ba komai. Da ta zo ashirin da ɗaya, zama na biyu, sai ta ga rubutun hannunta a gefen shafi, ƙanana: abin saurare ya zare, Dogo ya mayar, an sake kunna sauti bayan na'ura ta fara, daƙiƙa huɗu. A ƙarƙashinsa ta rubuta "a gyara lokaci". Babu alamar da take sakawa in ta gyara.

Ta yanka layin mutumin nan daga wurin da ba daidai ba. Tudunsa bai yi latti ba, ita ce ta fara ƙirga kafin kalma ta shiga kunnensa.

Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. Ba wanda ya san shafin nan sai ita. Dogo ya manta, Farfesa bai taɓa buɗe littafin ba. Wani tsoho ya zo da takardar hoton ƙirji, ta rubuta sunansa, ta nuna masa wurin zama. Sannan ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata teburin, ta hau sama.

Ta tarar da su ana taron sashe, mutum wajen goma. Ta ƙwanƙwasa ta shiga.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Lamba ashirin da ɗaya kuskurena ne. Na manta gyaran daƙiƙa huɗu. Ga shafin."

Farfesa ya karanta, ya miƙa wa mataimakinsa, ya jingina da kujera.

"To kun ji. Wadda take koya mana tsabtar aiki ke nan. In ɗaya ya lalace a hannunki, me ya hana sauran ukun?"

"Na duba su, lafiyarsu ƙalau. Shi ma wannan ba cire shi za a yi ba, gyara shi za a yi ya koma cikin sahu. Ukun kuwa suna nan daram."

"Kin gama?"

"Saura ɗaya. Zan rubuta wa kwamitin sa ido kan bincike. Na ce in faɗa maka da bakina kafin ka ji a wani wuri."

Wani ya yi tari. Farfesa ya sha toka ya ce, "Rufe mana ƙofa in kin fita."

Takardar shafi ɗaya da rabi ce. Sakin layi na farko kuskurenta ne, da ranar da lambar. Mijinta da ya karanta ya ce, "Ke wace irin mai ƙara ce da za ta fara da kai kanta?" Ta ce gara su ji daga gare ta.

Wata biyu aka ɗauka kafin a kira su. Mutum biyar ne a kwamitin, shugabarsu wata tsohuwar likitar yara mai sanda. Farfesa ya yi magana ta kusan rabin awa, kuma ya yi ta da kyau. Ya ce na'urar nan jini take gani, ba tunani ba. Tsohon da jijiyoyin jininsa suka taurara, tudunsa zai yi latti ko da ƙwaƙwalwarsa tana aiki sarai. Ukun nan duk suna da hawan jini, saboda haka layinsu ba ya auna abin da ake nema. Saina tana sauraro, ta ji a ranta cewa mutumin nan ya san aikinsa, kuma watakila ma gaskiya ya faɗa.

Shugabar ta juyo gare ta. "'Yata, me za ki ce?"

Ta miƙe. "Ranki ya daɗe, ban isa in musa maganar jijiya ba, ban karanta ba. Abin da na sani, cikin ashirin da shidan nan mutum goma sha ɗaya ne suke da hawan jini, yana rubuce a takardar shigarsu. In hawan jini ne laifin, a cire goma sha ɗayan. In ba shi ba ne, a bar su duka. Amma a bar takwas don layinsu ya yi daɗi, a kori uku don nasu bai yi ba, wannan ne na ce ba da ni ba."

"Kin san abin da zai fito in aka cire goma sha ɗayan?"

"Ban sani ba. An rufe min kwamfuta."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya danne dariya. Shugabar ta dubi mataimakin, wanda yanzu aikin yake hannunsa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ya riga ya gwada. In aka cire goma sha ɗayan, mutanen sun yi kaɗan, ba a iya cewa komai. Bai dubi Farfesa ba da yake faɗa.

Farfesa ya ce, "Tsofaffin nan da bakinsu suka ce suna ji fiye da da. Ko wannan ma ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce, ranka ya daɗe," in ji Saina. "Telar nan ta gaya min yanzu tana jin jikokinta in suna gulmarta. A rubuta wannan, gaskiya ne. Layin ne dai bai nuna ba."

Hukuncin bai yi wa kowa daɗi sosai ba. Kwamitin ya ce a buga sakamakon da mutum ashirin da shida, in kuma ana so a nuna na ashirin da uku, a nuna shi a gefe a faɗi dalili ƙarara. Ba su kira abin da Farfesa ya nema laifi ba, sun ce saɓanin fahimta ne. Game da mayar da ita teburi, suka ce wannan hurumin shugaban sashe ne. Aka kuma rubuta mata gargaɗi a fayil saboda daƙiƙa huɗun nan. Ta karanta ta sa hannu, ta ce wannan kam ta cancanta.

Rahoton ya fito bayan shekara guda a wata ƙaramar mujalla, ba wadda Farfesa ya yi buri ba. Sunanta ba ya ciki ko a wurin godiya. Dogo ne ya buga mata kwafi ya kawo a ɓoye cikin jarida. Ta buɗe shafin zanen kai tsaye, ta ga layi biyu suna tafiya kusa da juna, a ƙarƙashi an rubuta ashirin da shida. Ta ninke ta saka a jaka, ta kira mai kati na gaba.

Wata goma sha tara ta yi a teburin. Ta haddace sunayen direbobin motar asibiti, ta yi faɗa da masu tsallake layi, ta sa aka kawo benci na uku don masu jira. Farfesa yakan wuce ta gabanta kullum da safe. Kullum sai ta ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Bai taɓa amsawa ba, ita kuma ba ta taɓa fasawa ba.

Mataimakin ne ya dawo da ita. Ya sami nasa binciken, a kan yadda taurin jijiya ke jinkirta tudun nan a tsofaffi, mutum sittin. Ya zo teburin da kansa, ya tsaya a layi bayan wata mata mai goyo har aka zo kansa.

"Yaya, ina neman wanda zai riƙe min layuka."

"Ka tambayi mai sashen?"

"Ya ce in yi abin da na ga dama, shi wata shida ya rage masa."

"Zan zo. Amma dokar cire mutum a rubuta ta kafin a kwantar da na farko, a manna a bango. Kuma duk lokacin da na gyara, wani ya sake dubawa a bayana. Na taɓa ɓarar da daƙiƙa huɗu."

"Na yarda."

"Da sabuwar kujera."

Ya yi dariya, karo na farko da ta taɓa jin dariyarsa.

Ana saura mako biyu Farfesa ya ajiye aiki, suka haɗu su biyu a cikin lif. Ya tsufa a shekara biyun nan, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Ta gaishe shi kamar kullum. Ya kalli lambobin da ke saman ƙofa, hawa na uku, hawa na biyu.

"Atisayen yana aiki," in ji shi, ba tare da ya juyo ba. "Wata rana wani zai nuna."

"Allah ya sa, ranka ya daɗe. In an kawo min, ni zan fi kowa murnar haɗa layin."

Ƙofar ta buɗe a hawa na ɗaya. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya gyaɗa kai sau ɗaya ya fita. Ita ta wuce ƙasa.

A bakin ɗakin na'urar ta tarar da Dogo yana fama da mutum na goma sha huɗu a sabon binciken, wani tsohon mahauci mai faɗin ƙirji wanda ya leƙa cikin ramin na'urar ya ce shi kam ko da kuɗi ba ya shiga, ai wannan kabari ne mai fitila. Saina ta ajiye jakarta, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, ba dole. In ka ce a'a, yanzu za a raka ka bakin titi, ba wanda zai ji haushi. Amma zauna tukuna in nuna maka abin da za mu gani."

Ta ɗauko farar takarda da biro, ta fara zana masa kunne.